4.3 Sharhi Kan Tallafin Lafiya Da Matsayin Ƙungiyoyin Taimakon Kai Da Kai A Rano Da Kibiya

Idan aka yi la'akari da hanyoyin da kuɗin lafiya ke bi zuwa karkara, za a ga cewa kusan dukkansu ginin asibiti suke nufa, ba ƙungiyoyin jama'a ba. Shirin Bamako na shekarar 1987 ya kawo tsarin asusun magani mai juyawa, wato a sayar da magani a sake saro wani da kuɗin. Hukumar PTF, wadda aka kafa a 1994, ta bi wannan sawu har zuwa lokacin da aka rushe ta a 1999. Daga baya Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin kiwon lafiya a matakin farko, bisa tsarin asibiti ɗaya a kowace mazaɓa.

Wannan nazari bai musanta amfanin dokar ba, domin ta bai wa kwamitin raya mazaɓa damar sa ido kan kuɗin. To amma a nan gizo ke saƙar. Mazaɓa kamar Rurum a Rano, ko Tarai a Kibiya, ta ƙunshi ƙauyuka da rugage masu nisa da juna. A irin waɗannan wurare, ƙungiyar samari ko ta manoma ce ke haɗa karo-karo ta ɗauki mota idan naƙuda ta yi wa mace gardama da dare, a garzaya da ita Babban Asibitin Rano. Ita ce kuma ke yashe rijiya da gyara hanya ta aikin gayya. Duk da haka, tsarin bai buɗa mata wata ƙofa ta karɓar tallafi ba.

Su kuwa masu ba da agaji daga ƙetare, akasari sukan nemi takardar rajista da asusun banki da rahoto cikin Turanci. Ƙungiyar da ke rubuta lissafinta da Hausa ko ajami a littafin 'yan makaranta ba ta cika waɗannan sharuɗɗa, sai ƙungiyoyin birnin Kano masu ofis da kwamfuta su karɓi kuɗin da sunan karkara. Ƙwarewa wajen cike takarda ake aunawa ke nan, alhali amanar da ƙungiyar ƙauye take da ita wurin dagaci da limami da sauran jama'a ba ta da gurbi a fom ɗin.