Gabardin ɗin Burberry: yadin da ke korar ruwa, jiki ya sha iska

Rigunan ruwa iri biyu ne. Akwai mai toshe ruwa gaba ɗaya, akwai mai korarsa kawai. Gabardin, yadin da Thomas Burberry na garin Basingstoke a Ingila ya ƙirƙiro a 1879, yana cikin kashi na biyu, kuma a ganina nan gwanintarsa take.

Kafin zuwansa, rigar Charles Macintosh ake ji da ita. A 1823 ne wannan mutumin Glasgow ya narka roba ya manna ta tsakanin ƙyalle biyu. Ruwa ba ya ratsa ta, amma gumi ma ba ya fita. Ga nauyi, ga wari. Da sanyi ta sandare, da zafi ta yi danƙo. Duk ɗan acaɓan da ya yini cikin rigar leda a watan Agusta ya san wannan wahala, domin in ya tsira daga ruwan sama, gumi ne zai yi masa sharkaf.

Burberry kuwa zaren ya fara yi wa magani tun kafin a saƙa, sannan aka matse saƙar ƙam. In ɗigon ruwa ya sauka sai ya dunƙule ya gangara kamar a kan ganyen gwaza, iska kuma ba ta rasa ta inda za ta bi. Abin da ya fi burge ni ke nan: da zare da saƙa aka magance matsalar, ba a liƙa komai ba. Shi ya sa yadin bai yi nauyi ba, mutum na iya motsawa yadda yake so. Roald Amundsen ma da kayan gabardin ya isa ƙuryar kudancin duniya a 1911.

Sai dai yadin yana da iyaka. Yayyafi da ruwan ɗan lokaci ba sa yi masa komai, amma mamakon yini guda sai ya ratsa ta kafaɗu da wuraren ɗinki. Wanki yana rage ƙarfin maganin, tsadar rigar kuma ta fi ƙarfin talaka. Yadin Gore-Tex, da ya samo asali daga binciken Bob Gore na 1969, ya fi shi jure ruwa mai ƙarfi, ko da yake shi ma bayansa sai an shafa masa maganin korar ruwa.

Mai karatu, in za ka sayi rigar ruwa, tambayi mai kanti ko toshewa take yi ko kora, ka kuma juya cikinta ka duba ko an liƙe ɗinkin.