A Bar Ganga da Cikinta: Nazari a kan Rage Amon Gangar Ƙafa

Mutum biyu ne ke damun mai son gangar ƙafa, wato babbar gangar nan da makaɗin zamani ke bugawa da feda. Na farko shi ne malamin kiɗa mai cewa duk wanda ya sa wa ganga tsumma bai iya ɗaure fata ba ne, yana ɓoye kasawarsa. Na biyu injiniyan sauti ne wanda da ya iso wurin biki sai ya cusa matashin kai biyu da bargo a cikin gangar, har ta koma tamkar ana dukan buhun gero. Duk su biyun sun kauce. Akwai hanya ta uku da aka yi wa riƙon sakainar kashi: ƙyalle guda da ake ratsawa a bayan fata.

Tarihin gajere ne. A 1909 William Ludwig ya fito da fedar da ta ba makaɗi damar buga babbar ganga da ƙafa yana zaune. Fatar maraƙi ake ɗaurawa a lokacin, ita kuwa tana shanye wani ɓangare na amonta da kanta. Da fatar roba ta kamfanin Remo ta shigo a 1957, sai aka huta da matsalar damina da rani, amma aka gamu da wata ƙara mai tsini da ba ta saurin mutuwa. A 1966, wajen ɗaukar faifan Revolver na Beatles, injiniya Geoff Emerick ya cusa rigar sanyi a gangar Ringo Starr, ya matso da makirufo kusa. Kafin a yi nisa cikin shekarun 1970 situdiyo da dama sun cire fatar gaba ɗungurungum sun kwantar da matashi. Abin da ya faro a matsayin dabarar faifai guda ya zama doka.

Ga abin da ke faruwa idan gula ta sauka. Fatar baya ta lotsa, ta tura iskar da ke ciki, iskar ta bugi fatar gaba, sai su biyun su yi ta miƙa wa juna. Daga nan ƙugin nan na ƙasa ke fitowa, wanda ake ji a ƙirji. A tare da shi kuma akwai ƙananan ƙararraki masu tsini da suka fi yawa can wajen gefen fata. Su ne masu ɓata sauti. Matashi ba ya tantancewa: yana danne fata, ya cinye sararin iska, ya kashe mai laifi da marar laifi.

Ƙyalle kuwa yana zaɓe. Ana samun na ulu da aka danne, mai faɗin yatsu uku zuwa huɗu, wanda tsawonsa ya zarce faɗin gangar. A kwance fata, a shimfiɗa shi daga sama zuwa ƙasa a kan bakin ganga, a mayar da fata da zobenta su danne shi. Muhimmin abu shi ne wurin da aka ajiye shi. Ba a sa shi a tsakiya inda gula ke sauka, don nan ne mazaunin ƙugi. Ana janye shi gefe, kamar tafin hannu guda daga baki. A ja bakinsa biyu ya miƙe yayin da ake ɗaure kusoshi, ana ɗaure kowace kusa tare da wadda ke fuskantarta. Idan ya yi sako-sako zai riƙa karkarwa, makirufo kuwa ba ya rufa wa kowa asiri. Idan an gama a yanke rarar da ta leƙo.

Daɗin wannan dabara shi ne tana da mataki-mataki. A matsar da ƙyallen yatsa biyu zuwa tsakiya, sautin ya gajarce. A mayar da shi gefe, ya ƙara tsawo. A ganga mai inci 22, guda ɗaya a fatar gaba kan wadatar a ƙaramin zaure. Idan ɗakin mai amsa kuwwa ne a ƙara wani a fatar baya. Ƙaramar ganga mai inci 18 ta makaɗan jaz sau da yawa siriri kawai take bukata. Cikin ganga kuma yana nan fayau, iska na kai da komo. Wanda ke shakka ya saurari John Bonham na Led Zeppelin, mai gangar inci 26 da fata biyu ba huji, a faifansu na 1971. Babu mai cewa ƙafarsa ba ta fita tsaf, kuma babu mai cewa gangar ta mutu.

Masu suka na cewa ƙyallen yana hana fata zama daidai a bakin ganga. Sai a nemi marar kauri, magana ta ƙare. Wasu na cewa ai yanzu akwai fata mai zuwa da zobenta na rage amo, irin Powerstroke 3 ta Remo da EMAD ta Evans. Suna da kyau, amma kamfani ne ya yanke maka hukunci tun bai ga ɗakin da za ka yi kiɗa ba. Shi kuwa malamin da ke cewa ɗauri kaɗai ya isa, ya tuna kunnen mai sauraro a bayan zaure daban, makirufon da ke dab da fata daban.

Makaɗan fada sun daɗe da fahimtar wannan. Kotson da Narambaɗa da Ɗanƙwairo suka yi suna da shi, da taushi, ana liƙa musu nake a tsakiyar fata. Wurin ya bambanta da na ƙyalle, domin nake nauyi yake ƙarawa don murya ta sauka, amma tunanin ɗaya ne: a fata ake gyaran sauti, ba a toshe cikin ganga.

A nan ne nake da ra'ayin da ba na sassautawa. Tsawon ƙugi wani ɓangare ne na kiɗa, daidai da lokacin da aka buga. A waƙa mai sauri, dole bugu ya mutu kafin na gaba ya iso, ya bar wa jitar bes wuri. A waƙa mai nauyi, bugun da ya mutu da wuri yana barin rami, masu rawa su rasa abin da za su taka. Saboda haka tambayar ba ta ko a rage amo ba ce, ta nawa za a rage ne, kuma don wace waƙa. Matashi amsa ɗaya yake da ita ga kowace waƙa. Makaɗin da ya bar injiniya ya cika masa ganga da kayan shimfiɗa ya miƙa masa rabin aikin ƙafarsa.