Uwargida da Magajiya: Nazari Kan Yadda Manhaja Ke Gabatar da Su

A littattafan makarantun sakandare da muka duba, kalmomin da ke nuni ga shugabancin mace a cikin iyali sukan zo ne a jere ƙarƙashin darasin dangantaka, kowace da ma'ana ɗaya tak. Uwargida ita ce matar fari, inna uwa ce, gwaggo kuwa 'yar'uwar uba, shi ke nan. A ganinmu wannan taƙaitawa ta tauye kalmomin, domin da yawansu sunayen muƙami ne.

Mu ɗauki uwargida. Harɗaɗɗiyar kalma ce daga uwa da gida, kuma uwa a nan ba haihuwa take nufi ba. Bahaushe kan ce uwar kuɗi ga jarin da riba ke fitowa daga gare shi, ya ce uwar ɗaki ga macen da wani ke ƙarƙashin inuwarta. Ke nan uwargida ita ce ginshiƙin gida, takwarar maigida. Shi ya sa ake kiran mace uwargida ko da ba ta da kishiya, abin da ma'anar "matar fari" ba ta iya bayyanawa.

Inda aka fi yin sakaci shi ne magajiya. Tushenta aikatau ne, wato gada. An liƙa ɗafa-goshin ma- da ɗafa-ƙeyar -iya, sai ganɗantawa ta mayar da /d/ zuwa /j/, kamar yadda ta yi a magaji, alhali jam'in ya tsaya magada. Ma'anarta ta asali ita ce mai gado. Kamanninta da magira, sarautar mahaifiyar Mai a Barno, kada ya ruɗe mu, tunda ƙirarta ta Hausa ce tsantsa. Tarihin baka na Daura da wannan laƙabi yake ambaton sarakuna mata irin su Daurama, kuma M. G. Smith ya tattauna sarautar a littafinsa kan Daura na 1978. Bayan jihadin 1804 ikon irin waɗannan sarautu ya ragu ƙwarai, kalmar ta fi tsayawa ga shugabar 'yan bori da ta mata masu zaman kansu. Wannan ma'ana ta baya-bayan nan ita ce ɗalibi ke ji a kan titi, har wata yarinya kan ji nauyin sunan da ta gada daga kakarta, malami kuma bai ba ta abin kare kanta ba.

Haka Inna take a Gobir, da Iya a Maraɗi: mata ne 'yan gidan sarauta masu jagorancin mata da bori. A Zazzau kuwa sarautar Iya ta koma hannun maza. Muna ba da shawarar a fitar da magajiya daga jerin dangantaka, a koyar da ita a darasin ƙirar kalma tare da magaji da magada, sannan a sake ɗauko ta a darasin sarautun gargajiya.