Fim Ɗin Glory: Sun Nuna Mutuwar Sojojin, Sun Bar Sunayensu

A makon jiya muka zauna da wasu matasan unguwa muka kalli wani tsohon fim na Amurka mai suna Glory, wanda Edward Zwick ya shirya a 1989. Labarin Runduna ta 54 ce ta sojan ƙasa ta jihar Massachusetts, ɗaya daga cikin rundunonin baƙar fata na farko da Arewacin Amurka ta kafa a yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865. Da aka gama, ɗakin ya yi tsit, har wani dattijo, tsohon soja, ya share ido. To amma da muka koma ga tarihin rundunar, sai muka ga akwai abin faɗi.

Mu fara da yabo, don ya cancanta. Harin da aka kai wa ganuwar Wagner, kusa da birnin Charleston, ranar 18 ga Yuli 1863, an nuna shi yadda zai ratsa jiki. Mutum kusan 600 suka tunkari bakin igwa ta wata 'yar siririyar gaɓar teku, kimanin 270 aka kashe, ko aka raunata, ko aka kama. Kwamandansu, Kanar Robert Gould Shaw, Bature ɗan shekara 25, ya faɗi a kan ganuwar, kuma abokan gaba suka jefa gawarsa rami ɗaya da sojojinsa don wulaƙanci. Iyayensa suka ce a bar shi a nan, ba su son a tono shi. Denzel Washington kuwa ya yi rawar gani, ba banza aka ba shi lambar Oscar ba.

Ga inda muke da ja. Kanar Shaw ya fito da sunansa na gaskiya, da wasiƙunsa na gaskiya. Amma manyan sojoji baƙar fata da fim ɗin ya ɗora labari a kansu, duk ƙirƙira ce. Kai ka ce rundunar ba ta da mutanen da suka isa a ambata. Alhali kuwa 'ya'yan Frederick Douglass biyu, Lewis da Charles, suna ciki, Lewis ma samanja ne. Akwai Saje William Carney, wanda ya ɗauki tuta bayan mai riƙe da ita ya faɗi, ya dawo da ita duk da harsasan da suka same shi, har aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka a 1900. Ina dalilin ƙirƙiro jarumi, ga na gaske a tsaye?

Na biyu, fim ɗin ya sa mai kallo ya ɗauka yawancinsu bayi ne da suka gudo daga gonakin Kudu, ba takalmi, ba karatu. Gaskiyar magana, akasarinsu 'yantattu ne daga jihohin Arewa, masu sana'a da iyali, da yawa sun iya karatu da rubutu. Wato mutane ne da suke da abin da za su rasa, suka bar shi suka tafi. Har bulalar da aka yi wa Denzel, wadda ta sa kowa hawaye, an riga an hana ta a sojan Amurka tun 1861.

Na uku, kuma shi ya fi ci mana tuwo a ƙwarya: maganar albashi. Ana biyan sojan Bature dala 13 a wata, baƙi kuwa dala 10, a kuma cire 3 kuɗin kaki. Fim ɗin ya gama da wannan cikin 'yan mintuna, an yayyage takardu, an wuce. A zahiri wajen wata 18 suka yi suna yaƙi ba su karɓi ko sisi ba, iyalansu na cikin wahala a gida. Jihar Massachusetts ta ce za ta cika musu ragowar daga aljihunta, suka ce a'a, ba kuɗin ne kaɗai ba, gwamnatin tarayya ce za ta yarda su sojoji ne kamar kowa. Sai a 1864 aka daidaita. Wallahi wannan haƙurin bai gaza hawan ganuwa ba. Mu da muke zaune a garin da aka haifi kakanninmu amma har yau ake kiranmu baƙi, ba sai an fassara mana wannan ba.

Sannan fim ɗin ya rufe a kan gawarwaki, kamar rundunar ta ƙare a Wagner. Ba ta ƙare ba. Ta yi yaƙin Olustee a Florida a Fabrairun 1864, inda ta tsare bayan dakarun Arewa suna ja da baya, ta yi na Honey Hill, ta ci gaba har ƙarshen yaƙin a 1865.

Wani abin da zai ba ku mamaki: masu son shiga sun yi yawa har aka kafa Runduna ta 55. A cikinta akwai Saje Nicholas Said, wanda sunansa na yanka Muhammad Ali, haifaffen Kukawa ta Borno. An kama shi bawa yana yaro, aka ƙetare Sahara da shi, ya zaga Turkiyya da Rasha da Turai, ya ƙare da kakin sojan Amurka. Ga labarin fim a ajiye, ba wanda ya taɓa.

Shawararmu: a kalli Glory, a kuma kai yara su gani, amma a gaya musu sunan Carney da na Said. Mu ma nan gida muna da dattawan da suka yi yaƙin 1967 zuwa 1970, suna zaune a bakin masallaci, kullum raguwa suke. Wa ya taɓa zama da biro da takarda ya tambaye su lambar bataliyarsu?