Jigo: Na'urar da Ta Yanka wa Lambu Iyaka

Kafin ƙarar injin fetur ta cika fadamun ƙasar Hausa, jigo ne ke riƙe da noman rani. A bakin Jakara a Kano, da gaɓar Kubanni da Galma a Zariya, da kwarin Rima a Sakkwato, da shi ake shayar da albasa da tattasai da alkamar da ake yin alkaki da finkaso da ita. Yanzu sai mutum ya sha yawo kafin ya ga ɗaya a tsaye yana aiki.

Haɗa shi ba ya cin ko sisi in mutum yana da gatari. Gwafa biyu ake kafawa a bakin rafi ko rijiya marar zurfi, a gitta sanda a kansu, sannan a ɗaure wata doguwar sanda a kan wadda aka gitta, yadda za ta riƙa yin sama da ƙasa. A gajeren ɓangaren, can baya, a manna curin laka a bar shi ya bushe. A dogon ɓangaren kuma a rataya igiya ko siririyar gora mai ɗauke da guga, wanda a da ƙwarya ce ko fata, daga baya ya koma garwa da bokiti.

Dabarar tana cikin curin lakar nan. Mai jan ruwa da igiya zalla yana wahala ne wajen ɗagowa, baya a duƙe, nauyin duka a kan ƙugu. Jigo ya juya lamarin. Mai lambu yana sa ƙarfinsa ne wajen danna guga ƙasa alhali babu komai a cikinsa, kuma nauyin jikinsa na taimaka masa. Da guga ya cika sai ya sassauta hannu, lakar ta rinjaya, ruwa ya taso da kansa. Ya karkata shi a bakin magudana, inda akan shimfiɗa ciyawa ko tsohuwar tabarma don kada zubar ruwan ta cinye ƙasa. Can ciki yaro na tsaye da fartanya, yana buɗe bakin fangali ɗaya, in ya sha ya toshe da laka ya buɗe na gaba. Gwanintar mai jigo a awon lakar take. In ta yi yawa, danna guga ya zama kokawa. In ta yi kaɗan, shi zai ƙarasa ɗagowa da hannu. Saboda haka za ka ga yana ɓantarar kaɗan ko yana ƙarawa har sai abin ya daidaita da hannunsa, shi ya sa jigon wani ba ya yi wa wani daɗin ja.

Ba mu kaɗai muka san shi ba. Misirawa da Sudanawa na kiransa shaduf, kuma akwai zanensa a kabarin wani masassaƙi mai suna Ipuy kusa da Luksor, tun zamanin Fir'auna Ramsis na biyu, fiye da shekara 3,000 ke nan. A bakin Nilu, inda gaɓa ke da tsawo, sukan jera biyu ko uku hawa-hawa, na ƙasa na zuba wa na sama. A lambunan duwatsun Ayar na Nijar kuwa, inda rijiya ta fi zurfi, raƙumi ko sa ke jan guga.

Wannan bambanci ya nuna iyakar jigo ta farko. Tsawon sandarsa ne zurfinsa, mita biyu zuwa uku, shi ke nan. Ba ya kai hannu ga ruwan da ya yi nisa, kuma abin da yake ɗebowa a wuni bai cika wuce abin da rijiya za ta sake tarawa cikin dare ba. Iyaka ta biyu ƙarfin mutum ce. Lambun jigo ba ya faɗi, domin duk fangalin da aka ƙara, kafaɗar mai shi ce za ta biya. Wanda ya taɓa tsayawa cikin sanyin hunturu tun asuba, ƙafa a laka, tafin hannu ya yi kanta, ba zai saurari mai yi masa waƙar daɗin zamanin da ba. Aiki ne mai tsufar da mutum da wuri.

To amma waɗannan iyakoki biyu sun zo da wata riba da ba a cika lissafawa ba: jigo ba ya neman jari. Talakan da ya samu aron ɗan fili a bakin ruwa, da iri, da lafiyar jiki, ya shiga noman rani. In sanda ta karye, daji na kusa. In lakar ta faɗi, ƙasa na ƙarƙashin ƙafarsa. Babu ranar da shuka za ta kwana da ƙishi don aljihu ya bushe.

A shekarun 1980 hukumomin raya karkara na jihohin Arewa, irin su KNARDA a Kano, suka fara yaɗa ƙananan injuna da 'yan rijiyoyin bututu da ake hudawa a fadama. Shirin Fadama na ƙasa, wanda Bankin Duniya ya tallafa, ya fara aiki a 1993 ya ƙara wa abin ƙaimi. Manoma ba su jira an lallashe su ba, kuma suna da gaskiya. Inji mai inci biyu ko uku yana yin aikin wunin jigo kafin a gama karin kumallo, yana kuma tura ruwa ta mesa zuwa tudun da jigo bai taɓa mafarkin kaiwa ba. Tumatir da albasar da ke cika manyan motoci zuwa Kudu ba za su fito daga bakin guga ba.

Sai dai lambu ya koma sana'ar mai kuɗi a hannu. Ana buƙatar na inji, na mai, na baƙin mai, na makaniki. Filin fadama ya yi daraja, kuma abin da ya yi daraja ba a cika ba da aronsa ba. Wanda ba shi da inji ya koma haya, ko jiran maƙwabci ya gama, ko ƙwadago a gonar wani. Ruwan ma ya shiga gasa, domin in injuna da yawa suka kafa kai a fadama ɗaya, rijiyar da ta fi gajarta ita ke fara ƙafewa, kuma galibi ta marar ƙarfi ce. Da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin 'yan kwanaki, sai ga masu lambu suna rage fili, wasu suna juya injinsu ya koma shan gas ɗin girki.

An yi ƙoƙarin samo abu na tsakiya. Famfon da ake takawa da ƙafa, wanda aka ƙirƙiro a Bangaladash, ya shigo Nijar, maƙeran gida suna ƙera shi da sunan Niyya da Ƙoƙari. Ya fi jigo ba da ruwa, ba ya kuma shan mai, amma har yanzu gumin mutum yake sha, kuma matashin da ya ga inji ba ya son komawa taka katako. Yanzu ido ya koma kan famfo mai aiki da hasken rana. A ganina shi ne ya fi kusa da gadon jigo, tun da bayan an kafa shi ba ya tambayar kuɗin yau da gobe. Matsalarsa kuɗin saye, da kuma gyara: in ya tsaya, ba laka ake kwaɓawa ba, sai an nemo mai gyara daga birni, shuka kuwa kwana uku ba ruwa ya ishe ta ta yi yaushi. Duk shirin da zai raba irin wannan famfo bai koya wa wani a ƙauyen gyaransa ba, bai kuma kawo kayan gyaran kasuwar da ke kusa ba, mai ƙaramin fili ba zai daɗe da shi ba.