Bindiga Mai Liba: Suna Ne Ya Haife Ta, Al'ada Ke Raya Ta

A cikin bindigogin farauta masu watsa ƙananan harsasai, wadda ake ɗanawa da liba tana da tarihin da ya bambanta da na 'yan'uwanta. Mutumin da ya zana ta ya so wata daban, kasuwa ta juya mata baya cikin 'yan shekaru, amma ga shi bayan fiye da ƙarni guda ana ƙera ta a Italiya da Sin da Turkiyya da Amurka, ana kuma saye. Abin da ya riƙe ta har yau shi ne ya cancanci nazari.

Kamfanin Winchester da ke New Haven a jihar Konetikat ya yi suna ne da bindigogi masu liba masu harba harsashi guda, musamman samfurin 1866 da na 1873, waɗanda suka bazu a yammacin Amurka a hannun makiyaya da mafarauta. Da kamfanin ya so ya shiga kasuwar bindigar tsuntsaye mai ɗaukar harsasai da yawa, sai ya nemi John Moses Browning, maƙerin nan ɗan garin Ogden a Yuta, wanda aka haifa a 1855. Browning ya ba da shawarar a yi mai famfo, wato wadda ake jan mariƙinta na gaba baya a mayar. Shugabannin kamfanin suka ƙi, domin jama'a da liba suka san su. Haka aka samu samfurin 1887, a geji 10 da geji 12 (geji shi ne ma'aunin faɗin bututu).

Yadda take aiki abin kallo ne. Libar zobe ce ta ƙarfe da ke kewaye da kunamar bindigar, yatsu uku na shiga ciki. Idan maharbi ya tura ta ƙasa, sai ƙarfen da ke toshe gindin bututun ya mirgina ya buɗe, kwanson da aka harba ya yi tsalle ta sama, sabon harsashi ya taso daga bututun ajiya da ke ƙarƙashi, wanda ke cin guda 5. Idan ya mayar da libar sama, harsashin ya shige mazauninsa, bindiga ta ɗanu. Amma tana da sharaɗi: ba ta son hannun da ke ɗari-ɗari. Wanda ya ja libar rabi, ko ya ja ta da sanyin jiki, kwanso zai maƙale masa. Harsashin irin wannan bindiga gajere ne mai kauri, bakinsa a daƙile, ba ya zamewa cikin sauƙi kamar siririn harsashin ƙarfe. 

Lokaci ya gaskata Browning. Winchester ta fito da mai famfon da ya zana a 1893, ta gyara ta a 1897, kuma wannan samfurin na 1897 an ƙera fiye da miliyan ɗaya kafin a daina a 1957. Ita kuwa mai liba, ko da aka ƙarfafa ta a samfurin 1901 don ta jure sabon albarushi marar hayaƙi, a geji 10 kawai aka yi ta, aka kuma rufe babinta a 1920. Duka samfuran biyu ba su kai dubu 80 ba. Dalilin a bayyane yake ga duk wanda ya taɓa bin tsuntsu a sama da bakin bindiga. Mai famfo hannunsa na tafiya ne daidai da layin bututu, idonsa bai bar abin harbi ba. Mai liba kuwa hannunsa na dama sai ya sauka ƙasa ya dawo, bakin bindiga ya ɗan karkace, kafin ya daidaita kurciya ta yi nisa.

Abubuwa uku ne suka tashe ta daga wannan barci. Na farko fim ne. A 1991, cikin Terminator 2, Arnold Schwarzenegger ya riƙe samfurin 1887 da aka datse, yana kan babur yana juya ta da hannu ɗaya don ya ɗana. An faɗaɗa zoben libar ne musamman domin wannan wasan, kuma ba abin kwaikwayo ba ne ga mai hankali, amma miliyoyin mutane a nan suka fara ganinta.

Na biyu, wanda ya fi zurfi, shi ne wasan harbi irin na kaboyi da ya taso a Kalifoniya a farkon shekarun 1980, aka kuma kafa masa ƙungiyar SASS a 1987. Mai shiga gasar yakan zaɓi laƙabi, ya sa tufafin ƙarni na 19, ya harbi faifan ƙarfe da makaman wancan zamani ko kwafinsu, ana auna masa lokaci. Harsashi biyu kacal ake yarda ya zuba wa bindigar tsuntsaye a lokaci guda, don haka gwaninta duk tana cikin yatsu: ya zaro biyu daga ɗamara, ya jefa su ta saman bindigar a buɗe, ya rufe, ya harba, ya ja, ya sake harbawa. Wannan buƙata ce ta sa kamfanonin Norinco na Sin da Chiappa na Italiya suka shiga ƙera kwafin samfurin 1887. Bahaushe ba zai yi mamakin haka ba, domin ya san 'yan bindiga a hawan salla, waɗanda ke riƙe da bindigar toka alhali ba wanda ke da'awar ta fi na zamani. Ana riƙe ta ne don kada a manta da waɗanda suka riƙe ta.

Na uku shi ne ƙaramin geji na .410. Kamfanin Marlin ya gwada shi a 1929, Winchester ta fito da samfurin 9410 a 2001, kamfanin Henry ya biyo baya a 2017. A nan ne liba ta samu abin da ya dace da ita, saboda harsashin .410 siriri ne, yana bin injin ba gardama. Ba ta bugun kafaɗa sosai, ba ta da nauyi, ta isa ga zomo da kurege a ɗan tazara. Sai dai ƙwayoyin da take watsawa kaɗan ne, don haka wanda ya ɗauka bindigar koyo ce yakan raunata dabba ya bar ta tana wahala. Ta fi dacewa da wanda ya san iyakarta, ya kuma iya haƙura da harbi idan tazara ta yi yawa.

Akwai kuma darasin Ostireliya. Bayan kisan mutum 35 a Port Arthur a 1996, gwamnatin John Howard ta tsaurara doka kan masu famfo da masu ɗana kansu, amma masu liba suka zauna a rukuni mafi sauƙi, domin ana ganinsu kayan da. A 2015 sai ga wata mai liba, Adler A110, daga Turkiyya, mai cin harsashi 7 a bututun ajiya, mai saurin da ya tayar da muhawara a ƙasar. Gwamnatin Tony Abbott ta dakatar da shigo da ita, a ƙarshen 2016 kuma shugabannin tarayya da na jihohi suka amince a mayar da masu liba masu cin 5 ko ƙasa da haka rukuni mai tsauri, waɗanda suka haura haka kuwa zuwa rukunin da yawancin jama'a ba sa samu. Katakon gargajiya da tsohuwar siffa ba su rage wa makami komai daga abin da yake iya yi.

Tsoffin na asali ma suna da nasu haɗarin. An yi samfurin 1887 ne domin baƙin albarushi da kwanson da bai kai na yau tsawo ba. Zuba masa harsashin zamani ganganci ne da kan iya fasa ƙarfe a fuskar mai harbi.

Hukuncin da tarihi ya yanke bai sauya ba: a fagen harbin tsuntsu, mai baki biyu da mai famfo sun fi ta. Darajarta tana wurin wanda ke son aikin hannu, yake girmama fasahar maƙeran da, yake jin daɗin ƙwarewa a abu mai wuya. Wannan dalili ne mai kyau, kuma ya isa, muddin mai ita yana da lasisi, yana kulle ta nesa da yara, yana kuma ɗaukar ta a matsayin makami kowace rana.