Baahubali Da Hannun Kwamfuta

'Yan uwana mata, musamman ku ma'abota kallon finafinan Indiya, da wuya a samu wadda ba ta ga Baahubali ba, ko da fassarar Hausa ce a waya. S.S. Rajamouli ne ya shirya shi da yaren Telugu, kashi na farko ya fito a 2015, na biyu a 2017. To uwargida, yawancin abin da ya sa kika riƙe baki a fim ɗin nan babu shi a duniya. Birnin Mahishmati mai dogayen benaye, wani sashe kawai aka gina a Ramoji Film City da ke Haidarabad, sauran kwamfuta ce ta ɗora. Ɗan wasa zai tsaya gaban wani koren ƙyalle yana zare ido yana kai sara, daga baya a cire koren a sa dubban mayaƙa a bayansa. Hatta bajimin san nan da Bhallaladeva ya kayar da hannu, zane ne.

Da can ba haka ake yi ba. Lokacin da K. Asif ya shirya Mughal-e-Azam wanda ya fito a 1960, sojojin Indiya na gaske aka aro masa, ga dawakai ga raƙuma, ƙurar da kika gani ƙura ce ta ainihi. A Amurka al'amarin ya juya. A 1993 Steven Spielberg ya nuna wa duniya dabbobin da suka ƙare tun kafin ɗan Adam suna gudu a Jurassic Park, sannan a 1995 aka saki Toy Story, dogon fim na farko da kwamfuta ta zana tun daga farko har ƙarshe. Daga nan sai kowa ya ɗauka.

Ni dai ba na ƙin ci gaba, kuma Rajamouli gwani ne, wannan ba musu. Amma a yaƙinsu da Kalakeya ido ne ya ƙoshi, zuciya kuwa tana zaune abinta. Mutum dubu za su zube a gabanki ba ki ji ko ɗar ba, domin kuwa jikinki ya ba ki cewa babu uwar da ta haife su. A kashi na biyu ma abin har ya so ya koma wasan yara, inda sojoji suka lanƙwaso giginya suka harba kansu cikin ganuwa kamar 'ya'yan gwafa. Haba jama'a!

Ki tambayi kowace mace abin da ya tsaya mata a rai. Za ta ce miki Sivagami, wadda Ramya Krishnan ta fito a matsayinta, ruwa ya shanye ta amma hannunta na sama riƙe da jariri. Ko kuma Devasena, shekara 25 a ɗaure da sarƙa a tsakar fada, tana tsintar ƙirare ɗaya bayan ɗaya tana tarawa don ranar da za a ƙona azzalumin da ya ɗaure ta. Allah Sarki. Duk wadda ta taɓa haƙuri a gidan da ba a ganin darajarta ta san wannan tsintar, kuma ƙirare da fuskar mace ne kawai suka yi aikin.

Inda abin ya fi damuna shi ne, hannun da ya zana sa bai tsaya kan sa ba, ya kai ga jikin mata. Jaridun Indiya sun ruwaito cewa Anushka Shetty, wato Devasena, ta ƙara ƙiba saboda wani fim mai suna Size Zero, sai aka rage mata jiki da kwamfuta a Baahubali na biyu. Haka ake goge ƙuraje da tabo, a haska fata, a matse ƙugu, hoto bayan hoto. Sa dai kowa ya san ƙarya ne, an yi dariya an wuce. Fuska kuwa ba mai gaya miki an taɓa ta. Sai yarinya ta gama kallo ta nufi madubi, ta ga kanta baƙa mai ƙuraje, gobe ta kwashe kuɗin adashinta ta kai wa mai man bilicin, tana neman irin fatar da ita kanta jarumar ba ta da ita ranar da aka ɗauki fim ɗin.